Minti Hamsin na Mai Agogo

Ranar da takardar gayyata ta iso cewa Likita ta gama karatu, za a yaye su a jami'arsu da ke ƙasar waje, Mai Agogo bai gyara ko agogo ɗaya ba. Rufe akwatin kayan aikinsa ya yi, ya bi shagunan layin yana nuna wa kowa takardar. Likita ita ce 'yarsa ta fari. Tun tana firamare ake kiranta haka, saboda yadda take ɗaure wa kyanwar gidan ƙafa da tsumma ko da lafiyarta ƙalau. Gayyatar ta mutum uku ce: shi, da matarsa Maman Likita, da babbar yayarsa da ta yi renon yarinyar, wadda kowa a gidan yake ce wa Yaya.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗan shagonsa da ke tsakanin na Wanzami da na Tela, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi, cewa bai taɓa makara ba tun da aka haife shi. Jirgin sama dai bai taɓa shiga ba, amma ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, tunda jirgi ma da agogo yake aiki.

Shi da Maman Likita suka je ofishin sayar da tikiti. Matar da ke kan teburin ta duba kwamfutarta, ta ce babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai sun sauka a wata ƙasa sun canza.

"Iri biyu ne," in ji ta. "Akwai wanda za ku jira awa huɗu kafin na biyun ya tashi, akwai na minti hamsin. Ni dai na awa huɗun nake ba ku shawara."

"Awa huɗu muna yin me?" Mai Agogo ya tambaya.

"Kuna hutawa, Baba. Filin jirgin nan babba ne. Za a sake bincikenku, kuma ƙofar jirgi na biyun a wani ginin take. Ana rufe ta saura minti ashirin a tashi."

Ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa agogon yara gyara. "'Yata, kin san daƙiƙa nawa ne a minti hamsin? Dubu uku. Ni a daƙiƙa arba'in nake canza batir. Ba mu na minti hamsin."

"Baban Likita," matarsa ta ce a hankali, "ka tuna da gwiwar Yaya. Kuma washegari da safe ne bikin."

"Gwiwar Yaya na cikin lissafi."

Da suka tashi fita, Maman Likita ta ce ta manta jakarta a kan kujera. Ta koma ciki, ta ɗan daɗe tana magana da matar, sannan ta fito da jakar a hannu. Bai tambaye ta ba, don a lokacin yana gaya wa mai gadin ofishin cewa agogon bangonsu ya yi baya da minti biyu.

Kafin la'asar ya zana tsarin a bayan kwalin batir, ya manna a ƙofar shago. Sauka daga jirgi, minti bakwai. Tafiya, minti goma. Bincike, minti biyar. Saura minti ashirin da takwas, ya rubuta a gabansu: shan shayi.

Tela ya karanta, ya sake karantawa. "Ina minti ashirin na rufe ƙofa?"

"Wannan don masu nawa aka yi shi."

"To in layi ya yi tsawo fa?"

"Kai da ka yi wata uku da wandona, kai za ka koya mini lokaci?"

Wanzami ya ce tunda abin lissafi ne, sai a gwada a gani. Mai Agogo ya amince nan take. Aka mai da shagon Wanzami jirgi na farko, kwatar bakin titi ta zama wurin bincike, rumfar mai faci da ke ƙarshen layin ta zama jirgi na biyu. Ya ɗauko babban akwatinsa mai taya, ya cika shi da tsofaffin agogon bango don ya yi nauyi. Yaya ta ce ita ba za ta yi gudu a titi da girmanta ba, ta sa aka fito mata da kujera ta zauna kallo.

Wanzami ya daki ƙofa da buroshi, Mai Agogo ya zabura. Taku goma na farko sun yi kyau. A na sha ɗaya tayar akwatin ta fita, ta wuce shi, ta riga shi isa kwata. Ya ɗora akwatin a ka ya ci gaba. Girgizar ta tayar da agogunan da ke ciki, wani ya fara ƙararrawa, wani ya kama buga ƙarfe goma sha biyu. Karen mai faci ya fito ya tare hanya. Mai Agogo ya kauce wa kare ya faɗa kan igiyar shanyar mai wanki, ya fito da zanen gado a wuya. A haka ya isa rumfar, yana haki, ya duba hannunsa.

"Minti tara. Har da kare."

"Tayar minti ɗaya ta yi," in ji Tela. "Ita za a ba fasfo."

Yaya ta miƙe, ta ce a mayar mata da kujerarta ciki, ta ga abin da za ta gani.

Ranar tafiya ya sa kwat ɗinsa mai aljihu da yawa. Bai yarda da masu jefa akwati a cikin jirgi ba, don haka duk abin da yake ji da shi a jikinsa ya zuba: agogon hannu shida na tsaraba ga malaman Likita, da ƙananan sukuddireba, da hantsaki, da madubin da yake maƙalawa a ido, wai ko wani agogo zai tsaya a hanya. Kujerun ma shi ya zaɓa, layin ƙarshe a jikin banɗaki, saboda a ganinsa ta baya ake fita kamar a babbar bas.

Jirgi ya sauka, aka buɗe ƙofar gaba. Mutum ɗari biyu da wani abu suka miƙe a gabansu, kowa na lalubar jakarsa. Mai Agogo ya juya ya ga ƙofar baya a rufe, ma'aikaciya na tsaye a jikinta tana masa murmushi. Maman Likita ta yi masa wani kallo.

Sai ya duba agogonsa, fuskarsa ta washe.

"Ku kwantar da hankalinku. Tikiti ya ce ƙarfe biyu da minti goma za mu sauka. Yanzu ɗaya da minti goma. Matuƙin nan ya san aikinsa, awa guda cur ya rage mana."

Maman Likita ta kunna wayarta. "Tawa ta ce biyu da minti goma."

"Waya ai abin da aka gaya mata take faɗa."

"Ba ka ji sanarwar da aka yi ba? An ce lokacin nan ya ɗara namu da awa ɗaya."

"Bambancin lokaci a ƙasar su Likita yake. Nan rabin hanya ne, ba mu kai wurin bambancin ba tukuna."

Su ne na ƙarshe da suka fito. A bakin ƙofa wani ma'aikaci na tsaye da keken marasa lafiya, riƙe da kwali mai sunan Yaya. Abin da Maman Likita ta koma ta roƙa a ofishin tikiti ke nan. Yaya ta zauna ba musu, ta gyara mayafinta. Ma'aikacin ya duba tikitinsu, ya duba agogonsa, ya yi ɗan fito. Ya nuna wata 'yar mota mara ƙofa da ke jira a gefe, ya ce su hau duka ukun yanzu-yanzu.

"Ni?" Mai Agogo ya ce. "Da ƙafafuna biyu? Ku dai je."

"Baban Likita, ka hau."

"In hau a ɗauke ni hoto a motar marasa lafiya, Tela ya gani? Ku je ku zauna kuna kallon bango. Ina da shayi a tsarina."

Ta miƙa hannu. "To ba ni fasfona da na Yaya."

Ya ciro ya ba ta yana girgiza kai. Yaya ta dube shi daga kan motar.

"Ƙanena, tun kana rarrafe ba ka jin magana. Ƙofa ta bakwai, gini na biyu. Na faɗa maka."

Motar ta yi ƙara ta tafi da su.

Ya shiga babban zauren yana tafiya a natse. Abin da ya fara gani agogo ne ƙato a rataye, yana nuna biyu da minti ashirin da biyar. Ya duba nasa, ɗaya da ashirin da biyar. Ya ƙara gaba ya ga wani, shi ma haka. Na uku ma haka. Tausayin ƙasar ya kama shi. Ga gini har gini, ga fitilu, amma an rasa mai gyaran agogo ɗaya na kirki.

Ya sayi shayi a kofin takarda, ya zauna, ya kira Wanzami ta bidiyo. Shagon a cike yake. Tela ya bar kekensa ya leƙo, mai faci ya shigo da tayar wani a hannu, wanda ake yi wa aski ma ya juyo da rabin kai.

"Ga ni a tsakiyar duniya," in ji Mai Agogo, yana juya wayar. "Ku kalli nan. Ina waɗanda suka ce ba zan sha shayi ba?"

"Ina su Yaya?" Wanzami ya tambaya.

"Sun yi gaba. Mata da gaggawa. Amma ku ga abin kunya, duk agogon filin nan awa ɗaya suka yi gaba. Duka. In na dawo zan rubuta musu takarda."

Tela ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Duka suka yi kuskure iri ɗaya?"

"Ai kamfani ɗaya ya kafa su."

Lasifika ta yi ƙara a samansa. Muryar mace ta faɗi wani abu da Turanci, a tsakiya ta ambaci sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, ta murɗe shi kamar tana tauna ƙashi.

"Ba kai ake kira ba?" in ji Wanzami.

Mai Agogo ya gyara kwalar kwat. "Ni ne. Wataƙila sun ji labarin akwai mai gyara a cikin fasinjoji."

Aka maimaita sanarwar. Tela, wanda ya taɓa ɗinka wa wasu baƙi kaya har ya tsinci Turanci, ya kasa kunne.

"Cewa ta yi kira na ƙarshe. Ta ce in ba ka zo ba za a sauke akwatinka."

A daidai lokacin saƙon Maman Likita ya faɗo a saman wayar: *Mun shiga. Mu ma da ƙyar. Kana ina?*

Bai kashe kiran ba. Cusa wayar ya yi a aljihun ƙirji, kanta a waje, ya zabura, shayin ya bi gwiwarsa. Don haka duk abin da ya biyo baya, shagon Wanzami ya gan shi, ko da yake a karkace.

Ya hango alamar lamba bakwai ya nufe ta da gudu. Ya iske mutane na layi, ya kutsa gaba yana ba da haƙuri, ya miƙa tikiti. Mutumin ya duba, ya ce wannan bakwai ta gini na ɗaya ce, jirgin nan wata nahiyar za shi.

"Yaya ta ce gini na biyu," muryar Wanzami ta fito daga aljihu.

Mutumin ya kalli aljihun, ya nuna hanya da yatsa.

A hanyar akwai wata doguwar shimfiɗa mai tafiya da kanta. Guda biyu ne, ɗaya cike da mutane, ɗaya ba kowa. Mai Agogo ya yaba wa kansa da ya hango wadda ba layi, ya haye. Ya yi gudu iya ƙarfinsa. Bayan ɗan lokaci ya lura shagon turaren da ke damansa bai gusa ba. Wata tsohuwa a ɗaya shimfiɗar ta wuce shi a tsaye, tana cin biskit.

"Kana gudu ne ko kana rawa?" in ji Tela.

Ya tsaya don ya ba shi amsa, shimfiɗar ta dawo da shi inda ya fara.

Wurin bincike, wanda ya ba minti biyar a bayan kwali, layi ne mai lanƙwasa shida. Ya ɗaga tikiti sama yana roƙo da guntun Turancinsa, mutane suka tausaya suka buɗa masa. Ya ratsa ƙofar na'ura, ta yi kuwwa. Jami'in ya ce ya cire abin da ke aljihunsa. Ya ajiye wayar a faranti, ya ciro agogo ɗaya, ya koma. Ta yi kuwwa. Ya ciro na biyu. Ta yi kuwwa. A agogo na huɗu jami'in ya kira abokin aikinsa. A na shida suka zama su uku. Da sukuddireba da hantsaki suka fito, sai aka kira wata mai igiya a kafaɗa.

"Mene ne wannan?" ta tambaya, tana ɗaga madubin ido.

Ya karɓa ya maƙala a idonsa don ya nuna mata. Ba ta yi dariya ba. Ya kai hannu zai nuna mata yadda ake buɗe bayan agogonta, jami'ai biyu suka matso lokaci ɗaya, ya mayar da hannunsa. Daga cikin faranti mai faci ya ce, "Ku yi haƙuri, ba shi da mugunta, surutu ne kawai."

Aka riƙe sukuddireba. Aka sa ya cire kwat, da takalmi, da bel. Da na'urar ta yi shiru, bai tsaya mayar da komai ba. Ya rungumi kwat da takalma a hannu ɗaya, ya riƙe wando da ɗayan, ya cafki wayar da haƙora, ya ruga da safa a kan tayil mai santsi. Kwana biyu na ƙarshen hanyar ba da gudu ya sha su ba, da sulɓi.

Ƙofa ta bakwai ba kowa sai ma'aikaciya ɗaya tana tattara takardu. Ta bayan gilashi, jirgi na ja da baya a hankali.

Ya tofar da wayar a kan teburinta. "Ki tsayar da shi. Matata na ciki."

"Yi haƙuri, an rufe tun ɗazu. Sau uku muka kira ka."

Ya saki wando don ya nuna mata agogo, ya sake cafke shi da sauri. "Duba nan. Ƙarfe biyu da minti biyu. Tikiti ya ce ƙarfe uku. Shekara talatin agogon nan bai yi kuskuren daƙiƙa ba."

Ta duba da kyau. "Agogonka daidai yake," in ji ta. "A garinku."

Fasinjojin ƙofar da ke kusa duk sun juyo. Wani ya duba nasa agogon, ya nuna masa. Wata ma ta nuna masa nata. Kafin ka ce me, hannaye sun kai goma a sama, kowanne na cewa ƙarfe uku da minti biyu. Daga kan tebur aka ji shagon Wanzami ya kece da dariya, har wani na tari. Mai Agogo ya laluba ya kashe wayar, ya zauna a ƙasa ya fara sa takalmi.

Jirgin da ke da gurbi sai jibi. Ya ce bikin 'yarsa gobe ne da safe. Ma'aikaciyar ta daɗe tana danne-danne, ta kira waya har sau biyu, sannan ta girgiza kai. Ya karɓi tikitin jibin, ya nemi benci ya zauna.

Washegari da hantsi yana zaune kusa da wurin cajin waya, Maman Likita ta kira shi daga zauren bikin. Ba ta yi masa gori ba. Ta ce za ta ba Yaya wayar ta riƙe. Yaya kuwa ba ta taɓa riƙe kiran bidiyo ba. Na tsawon awa ɗaya da rabi Mai Agogo ya kalli silin, da babban yatsan Yaya, da ƙeyar wani mai sanƙo. Da aka zo kan Likita, Yaya ta kifa wayar a cinyarta don ta yi tafi. Bai ga komai ba sai zanen furannin atamfarta. Amma ya ji an kira sunan 'yarsa, da nasa a bayansa, an faɗe shi daidai, zaure ya ɗauki tafi. Ya miƙe tsaye shi kaɗai a cikin matafiya yana tafi, hawaye na bin gemunsa. Mai sharar da ke goge ƙasa ta tsaya, ta jingine sandarta, ta taya shi.

Da ya iso jibin, yana fitowa daga wurin ɗaukar kaya sai ya hango Likita. Ta roƙi jami'a ta bar mata rigar bikin kwana biyu. Tana tsaye a cikin masu tarbar baƙi da doguwar baƙar riga da hula mai kusurwa huɗu, takardar shaidarta a hannu, mutane na ta kallonta.

"Baba, sannu da hanya."

Ya buɗe baki zai fara bayani a kan matuƙi da na'ura da jami'an da ba su san kayan aiki ba. Ta cire hular ta ɗora masa a ka.

"Mama ta ba ni labari. Tela ma ya ba ni. Tsaya a nan a ɗauke mu."

Hoton yana rataye a shagonsa yanzu, a sama da teburin aiki, cikin firam mai ruwan zinariya. Mako guda da dawowarsu Tela ya shigo, ya tsaya a gabansa hannu a baya, Wanzami na leƙe ta kafaɗarsa.

"Wannan shi ne wurin bikin?"

"Shi ne."

"To me ya kawo keken tura kaya a bayanku? Ga kuma alamar tasi. Ga wani can rungume da akwati."

Mai Agogo bai ɗago daga agogon da yake buɗewa ba.

"Kai ba ka san manyan jami'o'i ba," in ji shi. "Tasu har filin jirgi gare ta."